SINADARAN SITIROYID A JIKIN ƊAN ADAM: ASALINSU, AIKINSU DA HATSARIN WASA DA SU

A kasuwanni da tashoshin mota da ƙananan kantunan magani na ƙasar nan ana sayar da waɗansu ƙwayoyi da mayukan shafawa waɗanda jama'a suke saye ba tare da takardar likita ba. Wata ƙiba take nema, wata hasken fata, wani saurayi so yake ƙirjinsa ya buɗe, wani dattijo kuwa ciwon gwiwa ne ya hana shi barci. Da yawa daga cikin waɗannan magunguna 'yan gida ɗaya ne, ana kiransu sitiroyid. Abin da galibin masu saye ba su sani ba shi ne, jikin kowane mutum yana ƙera irin waɗannan sinadarai da kansa, dare da rana, bisa wani ma'auni wanda ba ya son a taɓa shi. Manufar wannan ɗan littafi ita ce bayyana wa jama'a yadda jiki yake ƙera su, da yadda yake sallamar su bayan sun gama aiki, domin kowa ya gane dalilin da ya sa likitoci suke tsananta gargaɗi a kansu.

GIDA MAI ƊAKI HUƊU

Kowane abu a duniya an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, watau ƙananan tubala waɗanda ido ba ya iya gani. A jikin mai rai, waɗanda suka fi yawa su ne kabon da haidirojin da oksijin da naitirojin. Sitiroyid suna ne na kowane sinadari wanda ƙashin bayansa ya ƙunshi ƙwayoyin kabon 17 da suka sarƙu suka yi zobe huɗu manne da juna. Uku daga cikin zobban suna da kusurwa shida-shida, na huɗun kuwa kusurwa biyar gare shi. Masana suna kiran zobban da haruffa A, B, C da D, kuma sun ba kowace ƙwayar kabon lambarta, don a san inda aka ƙara wani abu ko aka cire.

Mai karatu yana iya ɗaukar wannan tsari kamar gida mai ɗaki huɗu wanda magini ɗaya ya fitar da fasalinsa. Harsashi ɗaya ne, amma wani ya ƙara rumfa a ƙofa, wani ya huda taga, wani ya rushe shirayi. Irin wannan ɗan bambanci shi ke raba sinadarin da ke fito da gemun namiji da wanda ke tsara jinin hailar mace.

DAGA KOLESTAROL AKA FARO

Uwar waɗannan sinadarai duka a jikin mutum ita ce kolestarol, wani abu mai kama da kakin zuma wanda yake da ƙwayoyin kabon 27. Wani masani Bafaranshe, Michel Chevreul, shi ya raɗa masa suna wajen shekarar 1815, bayan ya nazarci tsakuwar da ke taruwa a matsarmama. Jama'a sun saba jin sunan kolestarol a matsayin abin da ke toshe hanyoyin jini, kuma gaskiya ne idan ya yi yawa yana jawo ciwon zuciya. Duk da haka ba mai rayuwa ba tare da shi ba. Yawancinsa jiki ne ke ƙerawa, musamman a hanta, ragowar kuwa daga abinci irin su ƙwai da nama da man shanu ake samu. Da shi hanta take yin sinadaran ruwan matsarmama masu narkar da maiƙo, kuma daga wani ɗan'uwansa na kusa fata take yin bitamin D idan hasken rana ya taɓa ta.

Akwai gaɓoɓi huɗu da suke juya kolestarol ya zama homon, watau sinadarin saƙo wanda wata gaɓa take sakawa cikin jini don ya isar da umurni ga wata. Su ne marainan namiji, da ma'ajiyar ƙwai ta mace, da mabiyiya a lokacin goyon ciki, sa'an nan da waɗansu 'yan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda, ana ce da su adirenal. Ma'aikatan da ke yin wannan juyi su ake kira enzayim, kowanne da aikinsa guda, kamar masu sana'a a jere, wannan ya gama ya miƙa wa na gaba.

Da farko ana datse kabon 6 daga jelar kolestarol, sai a sami firegninolon mai kabon 21. Daga nan hanya take rabuwa. Gyara kaɗan sai ya zama furojestaron, wanda ke shirya mahaifa ta karɓi ciki, ya kuma riƙe shi. A cikin adirenal ana ƙara wa furojestaron da 'yan'uwansa ƙwayoyin oksijin, a sami kotisol mai daidaita sukarin jini da taimakon jiki a lokacin ciwo ko firgita, da kuma aldostaron mai kula da gishiri da ruwan jiki. Idan kuwa aka sake datse kabon 2, suka rage 19, an shiga dangin homon na maza ke nan, babbansu testostaron. Shi ke sa murya ta buɗe a lokacin balaga, tsoka ta ƙaru, ƙwayoyin haihuwa su samu. Abin da baligin namiji yake ƙerawa a yini bai wuce miligiram 5 zuwa 7 ba, bai ma kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba.

Mataki na ƙarshe shi ya fi ban mamaki. Wani enzayim mai suna aromates yana cire kabon ɗaya tak daga testostaron, ya sake fasalin zoben A, sai ga estiradiyol mai kabon 18, babban homon na mata. Watau jikin mace sai ya bi ta homon na maza kafin ya kai ga nasa. Saboda haka kowane namiji yana da homon na mata kaɗan, kowace mace kuma tana da na maza kaɗan, bambancin na yawa ne. Ana samun aromates har a cikin kitse, shi ya sa namiji mai yawan ƙiba wani lokaci ƙirjinsa yake kumbura kamar nono.

Haka kuma a fata da tushen gashi da gaɓar furosteti da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wani enzayim yana ƙara wa testostaron ƙwayoyin haidirojin biyu, ya mai da shi daihaidirotestostaron, wanda ya fi shi ƙarfi. Shi ke fito da gemu, shi ke kawo sanƙo ga masu gadonsa, kuma yana da hannu a kumburin furosteti da ke hana dattawa fitsari.

YADDA SUKE ISAR DA SAƘO

Da yake sitiroyid dangin maiƙo ne, ba sa narkewa sosai a ruwa, jini kuwa yawancinsa ruwa ne. Don haka hanta take ƙera waɗansu furotin da ke ɗaukar su kamar yadda kwalekwale yake ɗaukar kaya. Kimanin kashi 98 cikin 100 na testostaron da ke jini a ɗaure yake da waɗannan furotin. Idan homon ya isa inda aka aike shi, sai ya ratsa bangon ƙwayar halitta, ya sami wani furotin na musamman wanda ya dace da siffarsa kamar yadda mabuɗi yake dacewa da kwaɗonsa. Su biyun sai su shiga cibiyar ƙwayar, su buɗe waɗansu umurnai na gado, su rufe waɗansu. Wannan ne dalilin da ya sa aikin sitiroyid yakan ɗauki sa'o'i ko kwanaki kafin ya bayyana, kuma ɓarnarsa takan daɗe bayan an daina sha.

HANTA DA ƘODA

Saƙon da aka riga aka isar ba a barinsa yana ta yawo. Hanta ita ce ke kashe ƙarfin waɗannan sinadarai, bisa mataki biyu. Da farko tana ƙara musu haidirojin ko oksijin har siffarsu ta canja, mabuɗin ya daina shiga kwaɗo. Sa'an nan ta liƙa musu wani abu mai son ruwa, ko dai wani sinadari dangin sukari mai suna gulukuronik, ko kuwa salfet. Da zarar an yi haka sai su narke a ruwa, ƙoda ta tace su zuwa fitsari. Waɗansu kuma ta ruwan matsarmama suke bi zuwa hanji.

Abin da ya rage bayan wannan aiki shi ake nufi da ragowar homon, kuma kowane homon da irin tasa. Testostaron yakan fita a matsayin andirostaron da etiyokolanolon. Furojestaron yakan zama firegnandiyol. Estiradiyol kuwa yakan koma estiron da estiriyol. Kamar yadda mafarauci yake duba sawu ya san dabbar da ta wuce, haka masanin ɗakin gwaje-gwaje yake duba ragowar nan a fitsari ya san abin da gaɓoɓi suka ƙera.

Wannan aiki na hanta yana da darasi biyu ga jama'a. Na farko, idan hanta ta lalace, ta dalilin yawan shan barasa ko ciwon hanta mai daɗewa, ma'aunin homon yakan rikice, har namiji ya ga nono ya fito masa, ƙarfinsa ya ragu. Na biyu, akwai magungunan da ke sa hanta ta yi aikin da gaggawa, kamar rifamfisin na tarin fuka da waɗansu magungunan farfaɗiya. Mace mai shan ƙwayar ba da tazarar haihuwa, idan aka ɗora ta a kan ɗayansu, hantarta tana iya kashe ƙwayar kafin ta yi aiki, ciki ya shiga ba shiri. Wajibi ne ta gaya wa likita duk abin da take sha, don ya zaɓa mata wata hanyar.

ABIN DA FITSARI YA KOYA WA MASANA

Tarihin wannan fanni daga fitsari ya faro. A 1929 Adolf Butenandt a Jamus da Edward Doisy a Amurka, kowa da nasa binciken, suka tace estiron daga fitsarin mata masu ciki. A 1931 Butenandt ya tace dubban litoci na fitsarin maza, ya sami kimanin miligiram 15 na andirostaron. Daga baya aka gane cewa abin da ya samu ragowa ce kawai. Ainihin testostaron sai a 1935 Ernst Laqueur da abokan aikinsa suka fitar da shi daga marainan bijimai a birnin Amsterdam na ƙasar Holan. A wannan shekarar Butenandt da Leopold Ruzicka, kowa a nasa ɗakin bincike, suka haɗa shi daga kolestarol. An ba su lambar yabo ta Nobel a 1939, amma gwamnatin Hitila ta hana Butenandt karɓa a lokacin.

Shekaru da dama likitoci suna auna firegnandiyol a fitsarin mace don su san ko ta saki ƙwai a watan, suna kuma auna estiriyol don su san lafiyar ɗan tayi, domin mabiyiya tana ƙera shi ne daga kayan da adirenal da hantar ɗan tayin suka shirya mata. A yau gwajin jini da na'urar hoton ciki sun karɓi yawancin wannan aiki. Ya kamata a lura, ɗan tsinken gwajin ciki da ake sayarwa a kemis wani homon dabam yake nema, dangin furotin, ba ya cikin gidan sitiroyid.

Wannan ilmi yana ceton jarirai. Akan haifi yaro da ƙarancin ɗaya daga cikin enzayim ɗin adirenal, wanda ya gada daga uwa da uba duka biyu. Sai hanyar ƙera kotisol ta toshe, kayan aikin su kwarara zuwa hanyar homon na maza, kamar ruwan da aka datse wa lambatu. 'Ya mace tana iya zuwa da al'aura mai kama da ta namiji, jariri mace ko namiji kuma yana iya fara amai da ramewa a mako na biyu ko na uku saboda zubar gishirin jiki. Gwajin jini yana nuna cutar, kuma akwai maganinta. Iyaye kada su ɓoye irin wannan jariri don kunya, su hanzarta kai shi babban asibiti.

A fagen wasanni ma ragowar ce ke tona asiri. An fara gwada 'yan wasa don gano sitiroyid masu ƙara tsoka a gasar Olamfik ta 1976 a Montreal. A gasar 1988 a Seoul aka ƙwace lambar zinariya ta tseren mita 100 daga Ben Johnson na Kanada, bayan an sami sitanozolol a fitsarinsa. Testostaron ya fi wuyar kamawa, tun da kowa yana da shi. Amma jiki yana fitar da wani tagwayensa marar ƙarfi mai suna efitestostaron, kuma a yawancin mutane yawan su biyun a fitsari kusan ɗaya ne. Wanda ya yi allura sai na farkon ya hau, na biyun bai bi shi ba. Tun daga 2005, idan na farko ya ninka na biyu fiye da sau 4, sai a zurfafa bincike.

DAGA DOYAR DAJI ZUWA KANTIN MAGANI

Da farko waɗannan sinadarai sun fi zinariya tsada, domin daga gaɓoɓin dabbobi ake tatso su. Wani Ba'amurke, Russell Marker, ya gano hanyar juya diyosjenin, sinadarin wata doyar daji ta ƙasar Meziko, ya zama furojestaron, aka kafa kamfanin Syntex a kan wannan aiki a 1944. A nan ne a 1951 Carl Djerassi da Luis Miramontes da George Rosenkranz suka haɗa noretistaron, wanda aka gyara fasalinsa yadda hanta ba ta saurin kashe shi, har ana iya haɗiyarsa. An amince da ƙwayar ba da tazarar haihuwa ta farko a Amurka a 1960. Sai dai wannan juyi a masana'anta kaɗai ake yinsa. Jikin mutum ba shi da enzayim ɗin da zai mai da sinadarin doya homon, saboda haka duk mai tallar garin doya a matsayin maganin homon yana yaudarar jama'a ne.

A 1948 Philip Hench ya gwada kotizon a kan wata mai tsananin ciwon gaɓɓai a asibitin Mayo na Amurka, cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. Shi da Edward Kendall da Tadeus Reichstein suka sami Nobel a 1950. Daga baya aka ƙera waɗanda suka fi ƙarfi. Firednisolon ya ninka kotisol kamar sau 4, deksametason kuwa kamar sau 25. A hannun likita amfaninsu babba ne. Ana ba masu asma da masu kumburin gaɓɓai, ana yi wa mace mai naƙudar bakwaini allurarsu don huhun jariri ya yi ƙwari, kuma a 2020 wani babban bincike a Birtaniya ya nuna deksametason yana rage mutuwar masu cutar korona da ke kan na'urar numfashi da kimanin kashi ɗaya cikin uku.

MA'AUNIN JIKI DA HATSARIN TAƁA SHI

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata gaɓa kamar ƙwayar wake, sunanta fitutari. Ita da ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke samanta kullum suna duba yawan homon a jini. In ya ragu su aika wa adirenal ko maraina ko ma'ajiyar ƙwai umurnin ƙarawa, in ya yi yawa su janye umurnin. Matsalar ita ce, ba sa bambanta na jiki da na kwalba. Idan mutum ya daɗe yana shan deksametason, sai su ɗauka kotisol ya wadata, su yi shiru, adirenal ta daina aiki har ta shanye. Ranar da ya daina sha kwatsam, jikinsa ba shi da na kansa, ba shi da na waje. Sai kasala da amai su kama shi, bugun jini ya faɗi, yana iya rasa ransa.

Ƙibar da ƙwayoyin nan suke kawowa cuta ce. Fuska takan yi zagaye, kitse ya taru a ciki da ƙeya, hannuwa da ƙafafu su sirance. Bayan haka sai hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi da yanar ido su biyo. Garkuwar jiki ma takan yi rauni, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsohon tarin fuka da ya kwanta yana iya tashi.

Da yawa daga cikin mayukan bilicin masu saurin aiki suna ɗauke da kilobetasol ko betametason, waɗanda aka yi don cutar fata ta ɗan lokaci. Mai shafa su wata da watanni fatarta takan yi laushi kamar takarda, nanƙarwa mai faɗi ta fito, ga ƙuraje da ƙyasbi, rauni kuma ya ƙi warkewa, abin da ke wahalar da likita ranar da tiyatar haihuwa ta kama. Maganin yana ratsa fata ya shiga jini, musamman fatar jariri.

Saurayi mai allurar ƙara tsoka kuwa, fitutari takan daina aika umurni ga marainansa, su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, har aure ya zo haihuwa ta yi wuya. Rarar testostaron ɗin kuma aromates yana mai da ita estiradiyol, nono ya fito masa. Ban da wannan akwai lahani ga hanta da zuciya.

ABUBUWAN KIYAYEWA

1. Kada kowa ya sha ko ya shafa ko ya yi allurar sitiroyid sai bisa umurnin likita, kuma iya kwanakin da ya ƙayyade.

2. Wanda ya riga ya sha fiye da mako uku kada ya daina rana ɗaya. Ya je asibiti da kwalin maganin, a rage masa sannu a hankali.

3. A guji ƙwayoyin da aka ƙulla a leda ba suna, da haɗin ƙiba ko na ciwon jiki wanda ba a rubuta abin da ke cikinsa ba.

4. A duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna. Amma lambar rajista ba ta maye gurbin takardar likita.

5. Mace mai ciki ko mai shayarwa, da mai shirin tiyata, su sanar da ma'aikatan lafiya duk wani mai da suke shafawa.

6. Kada a shafa wa jariri man manya don kurji ko don hasken fata.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi likita ko mai harhaɗa magunguna a asibitin gwamnati mafi kusa da shi. Ana kuma roƙon wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa waɗanda ba su sami damar karantawa ba.